Yadda muka kawo wa Alhaji karofin Ƙofar Mata har ɗakinsa

Kakana, wanda duk gidan muke kira Alhaji, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana rini a karofin Ƙofar Mata da ke Kano. Muna yara da shuɗin hannu muka san shi, kuma ko a makaranta aka ce "jikan marini" kowa ya san ni ake nufi. A daminar 2022 hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti sai mahaifina ya ɗauko shi daga cikin gari ya dawo da shi gidanmu a Hotoro, aka ba shi ɗaki mai banɗaki a ciki da fanka da katifa mai kyau. Babu abin da ya rasa na kulawa. Amma mutumin da a da ba a raba shi da hira ya koma sai gaisuwa kawai, in an matsa masa ya ce "Alhamdu lillahi" ya juya fuska bango.

'Yar baffana, wadda nake kira Yaya, likitar gashin ƙashi ce, ita take zuwa sau biyu a mako tana motsa masa hannu da ƙafa. Wata rana ta fito daga ɗakin ranta a ɓace, ta same ni a tsakar gida ta ce, "Hannun nan bai mutu ba, akwai ƙarfi a ciki. Shi ne ba ya so. In na ce ya ɗaga sai ya ce ya ɗaga ya ɗauko me?" Wannan tambaya ta Alhaji ce ta hana ni barci.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu. Ina da wata ƙaramar kamara mai ido biyu, gaba da baya, da ke ɗaukar duk abin da ke kewaye da ita, sama da ƙasa, digiri 360. Wani abokina kuma ya kawo mini na'urar Quest 2 daga Dubai, irin wadda ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga hoto ya kewaye shi ta ko'ina har ya ji kamar yana tsaye a wurin. Fasahar da ake kira VR ke nan. Alhaji kuwa tun ranar farko "tabarau" ya sa mata, mu ma muka bi shi. Na gaya wa Yaya tunanina: tunda ba zai iya komawa cikin gari ba, me zai hana mu kawo masa garin? Ba ta ƙi ba, amma ta gindaya sharaɗi. Sai likitansa ya yarda tukuna, za a auna jininsa kafin a sa masa da bayan an cire, zai zauna a kujera mai hannu ba a bakin gado ba, kuma ita za ta kasance a wurin. Likitan ya tambaya ko yana da farfaɗiya ko yawan jiri, ko an yi masa aikin ido kwanan nan. Babu ko ɗaya, sai yanar ido da ta fara a idon hagu. Ya ce a gwada kaɗan-kaɗan.

Gwajin farko bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Na ɗora kamarar a kan sanda na ratsa Kasuwar Kurmi da ita, ina tafe ina kauce wa masu kaya, a ganina hakan zai fi kama da gaske. Alhaji bai yi minti ɗaya ba ya kama hannun kujera ya ce, "Cire, cire, ƙasa na juyawa." Gumi ya keto masa, zuciyarsa na tashi, sai da ya kwanta har magariba. Yaya ta yi mini bayanin abin da ya faru. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, shi kuma cikin kunne, inda ake kula da daidaiton jiki, yana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Ga wanda ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi, jiri hanyar faɗuwa ce, faɗuwar tsoho kuwa kowa ya san inda take iya kaiwa. Daga ranar na bar tafiya da kamara. Duk abin da na ɗauka bayan nan a kafe take a wuri ɗaya, kuma tsayinta daidai idon mutumin da ke zaune, domin jikin da ke kan kujera ya yarda da abin da ido yake gani.

Na sake shiri. Na ɗauko Gidan Makama, na hau Dutsen Dala na ɗauko gari daga sama, na ɗauko ragowar ganuwa. Na har rubuta bayani na karanta a kai: Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 shi ya kafa Kurmi. Aikin ya yi kyau a ido, babu jiri ko kaɗan. Alhaji ya kalla minti biyu ya ce, "To, an gani. Allah ya yi albarka." Daga baya na tambaye shi, ashe sau ɗaya tak ya taɓa shiga Gidan Makama a rayuwarsa. Na kawo masa Kanon da ake nuna wa baƙi, na kuma tsaya ina koya wa ɗan shekara tamanin tarihin garinsa.

Yaya ce ta nuna mini hanya. Ta ce a karatunsu an daɗe da sanin amfanin tuna baya ga tsofaffi. Tun 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Robert Butler, ya rubuta cewa yawan waiwayen da tsoho ke yi ba alamar ruɗewa ba ce, aiki ne da zuciya ke bukata. Ta ƙara da cewa abin da ya fi zama daram a ƙwaƙwalwar mutum shi ne abin da ya faru da shi tsakanin shekara goma zuwa talatin. Ta ce, "Ajiye kamarar nan, je ka tambaye shi."

Mako uku na yi ina zama wurinsa bayan la'asar, ba kamara, ba tabarau. Da farko amsa ɗaya-ɗaya yake ba ni. Ranar da na ce, "Alhaji, in da za a ɗauke ka yanzu a ajiye ka wani wuri, ina za ka ce?" bai yi jinkiri ba ya ce, "Bakin ramina, da hantsi." Sai magana ta ɓalle. Yadda ake zuba ruwa da toka da katsi, a kawo baba, a bar shi makonni yana ruɓa. Yadda ake tuƙa ramin da muciya, a dubi kumfar da ta taso a san ko ya nuna. Yadda zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe ya koma shuɗi. Buzayen da ke zuwa daga Agadas neman rawani, da mutanen Kura masu turkuɗi. Warin dagwalo da ya ce matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta yi shekara guda tana ƙorafi a kai kafin ta saba. Na cika littafi guda da abin da ya faɗa, kuma daga littafin nan na fitar da tsarin ɗaukar: wane rami, wane lokaci, rana ta wane ɓangare, wa ke zaune a dama, wace ƙara ce ke zuwa daga baya.

Karofin Ƙofar Mata, wanda allon bakin ƙofarsa ke cewa tun 1498 yake, yanzu yawancin ramukansa a bushe suke, 'yan kaɗan ne ake aiki da su. Ban shiga da kamara kai tsaye ba. Na fara zuwa na gaishe da dattawan wurin, na faɗi ko ni jikan wane ne da abin da ya kawo ni. Da jin sunan Alhaji sai aka shimfiɗa mini tabarma. Wannan neman izini ba ladabi kaɗai ba ne a irin wannan aiki, domin kamarar ba ta da baya: duk wanda ke wurin ya shiga hoto, ko yana so ko ba ya so. Sai da na zagaya na gaya wa kowa, wanda ba ya so ya matsa. Ni kaina sai na kunna ta in ruga in ɓuya a bayan katanga ina leƙawa ta waya.

Ramin Alhaji ya daɗe da bushewa, amma na kusa da shi yana aiki, sai na kafa kamarar a tsakaninsu. Kwana huɗu na yi ina zuwa da hantsi. Rana ta farko yara suka yi wa kamarar zobe suna leƙa idonta. Ta biyu ƙurar hunturu ta dusashe komai. Akwai kuma layin da hoton ido na gaba da na baya ke haɗuwa, wanda in mutum ya tsaya a kansa sai ya fito a yanke. Dole na riƙa juya kamarar yadda layin zai faɗa kan katanga. Sautin kuwa daban na ɗauke shi da makirfo mai kyau: tsomawa da tsamowa, ɗigar ruwa, hirar marina, da ƙarar bugu daga mabuga, tim-tim ɗin nan na mutum biyu suna amsa wa juna. Ban sa kiɗa ba, ban sa muryata ba.

A rana ta huɗu wani dattijo, abokin aikin Alhaji tun suna samari, ya ce shi ma yana da saƙo. Ya zauna a gaban kamarar kamar yadda ake zama gaban mutum, ya yi sallama, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, ya ce karofi na gaishe shi. Ban tsara wannan ba, kuma shi ne ya fi komai daraja a cikin abin da na ɗauko.

Haɗawar ta ci mini kusan mako biyu, rabi saboda nauyin fayilolin, rabi saboda wuta. Na yanka shi wuri uku, kowanne bai wuce minti biyu da rabi ba, kuma tsakaninsu hoton yakan dushe a hankali ya koma baƙi kafin na gaba ya bayyana, don kada a fizgi mutum daga wuri zuwa wuri. Na zuba shi cikin na'urar kanta yadda ba ya bukatar intanet. Ban ba Alhaji abin riƙewa a hannu ba, ban sa masa wani maɓalli da zai danna ba. Ni nake kunnawa da kashewa, kuma abin da yake gani yana fitowa a wayata domin mu san inda yake kallo. Nauyin tabarau ɗin ya kai rabin kilo, don haka Yaya ta yanke cewa zama ɗaya kada ya wuce minti takwas, ta kuma sa masa matashi a bayan wuya.

Ranar Asabar ce, bayan ya karya. Yaya ta auna jini, na goge inda fuska ke taɓawa, na gaya masa cewa hoto ne da aka ɗauka kwanakin baya, kuma duk sanda ya ce a cire za a cire. Na ɗaura masa. Ya yi shiru kamar minti ɗaya, kansa na juyawa a hankali, hagu, dama. Sai ya ce, "An sare bishiyar nan." Sannan ya hango wani saurayi yana tsamo zane yana mayarwa cikin gaggawa. Muryar da muka yi wata da watanni ba mu ji ba ta fito: "Kai, yaro! Matse shi! Bar shi ya sha iska tukuna!" Hannunsa na dama, wanda yake cewa ya ɗaga ya ɗauko me, ya bar hannun kujera ya tashi kamar taƙi guda yana nuna yaron. Yaya ta dube ni, na dube ta, babu wanda ya ce uffan.

Da abokinsa ya bayyana ya yi sallama, Alhaji ya amsa da ƙarfi, ya amsa gaisuwar jiki, ya ce amin ga kowace addu'a. Da aka cire tabarau ɗin idonsa ya cika da ƙwalla, amma hira ya shiga yi, sai da aka kira azahar.

Hannun Alhaji bai warke a ranar ba, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Gashi ne da magani da haƙurin Yaya suka kai shi inda yake iya riƙe cokali. Abin da tabarau ya yi shi ne ya ba shi dalilin ɗagawa. Yaya ta ɗauki wannan ta mayar da shi aiki. Ta ce in sake ɗauka yadda abubuwan da zai so ya nuna za su faɗo ɗan dama da shi, wasu sama kaɗan, domin wuya ya juya, kafaɗa ta miƙe. Ita kuma tana gefe tana tambaya: "Alhaji, wane rami ne ya fi nuna? Nuna mini." Na kuma samo ruwan baba a 'yar kwalba da ƙyallen da aka buga ya yi ƙyalli, sai a buɗe kwalbar kusa da shi, a sa masa ƙyallen a hannun dama yana murzawa. Warin nan da mutane ke toshe hanci dominsa, shi murmushi yake sa shi. Na lura kuma minti takwas na kallo kan haifar da hirar awa guda, kuma ranar da na sa masa na fita na bar shi da kallo kawai, abin bai yi armashi ba. Dole akwai mai zama kusa yana saurare.

Labari ya bazu a unguwa, aka fara aiko mini. Cikin shekara guda mun yi wa tsofaffi tara, kowa da nasa wurin, kuma a nan na ga cewa abin da ya yi wa Alhaji daidai ba lallai ya yi wa wani ba. Gwaggon mahaifina hawan Sallah take so, musamman hawan Daushe, ranar da Sarki ke zuwa gaisuwa Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Hawan Sallar Kanon nan ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a Disambar 2024, amma ita abin da ta sani shi ne tana yarinya daga kan soro suke kallo. Ina da wani hoto da na taɓa ɗauka daga ƙasa, kusa da inda dawaki ke sukuwa. Na gwada shi a kaina tukuna, na ji gabana ya faɗi da dokin ya nufo ni, na san ba na tsohuwa mai ciwon zuciya ba ne. Sai na nemo wanda aka ɗauka daga sama, nesa kaɗan, inda algaita da tambari ke zuwa a hankali. Ga mata kuma mun koyi a sassauta ɗaurin ya hau kan ɗankwali ba tare da an ce su cire ba, kuma mace ce ke ɗaura musu. Wani tsoho da gigin tsufa ya fara taɓawa, da na sa masa hoton da ake gaishe shi kai tsaye, ya yini yana neman inda baƙon ya shiga. Daga nan irinsa wuri kawai muke nuna musu, ba mutumin da ke magana da su ba.

Akwai wadda har yau nake jin nauyinta. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta ce lungun da aka kai ta amarya a Yakasai take son gani. Na bi kwatancen jikanta na je na ɗauko, ban tsaya na tambayi yadda wurin yake a da ba. Ashe gidan an rushe shi an yi shaguna, kuma 'ya'yanta sun ɓoye mata. Ta cikin tabarau ɗina ta gani. Kwana biyu tana kuka, ta ƙi abinci, jininta ya hau. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ba ta ƙara yarda an sa mata ba. Tun daga nan duk abin da na ɗauko sai na zauna da iyalin mutum mun kalla a waya, na tambaye su abin da ya canza da wanda ya rasu, sannan a gaya wa tsohon da baki kafin ya gani da ido, shi ya zaɓa ko yana so.

Wajen ƙarshen 2023 Alhaji ya ce ya gaji da hoto, a kai shi. Yaya ta ce ƙafar ta yi ƙarfin da zai iya da sanda in akwai mai riƙe shi. Muka ɗauke shi a mota da hantsi, aka sa masa kujera a bakin raminsa da ya bushe. Marina suka bar aiki suka zagaye shi. Saurayin nan da ya yi wa faɗa ta cikin tabarau ya zo ya tsuguna, Alhaji ya gane shi, ya sa shi ya tsoma zane a gabansa ya nuna masa yadda ake matsewa a shanya wa iska.

Ya tambayi abokinsa mai saƙo, aka ce wata biyu ke nan yana kwance a gida, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa. Alhaji ya yi shiru, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan nan, ka zo da abin ɗaukar?" Na ce tana mota. Ya ce in kawo, ya nuna mini da hannunsa na dama inda zan kafa ta, daidai wurin da abokin yake zama, ya ce in rage tsayinta domin mutumin gajere ne. Ya gyara hularsa, ya jira na ɓuya bayan katanga, sannan ya dubi kamarar ya yi sallama.